Na'urar Dangwale a Saman Kan Suruki

Ku da kuke cewa aikin kula da ma'aikata ya zama shan shayi, Allah ya ƙara muku basira. Kwanakin baya 'yar ƙanena ta kawo mini abokan aikinta su gaishe ni, duk sababbin ɗauka, kowa da katin shaida rataye a wuya. Wani dogo mai tabarau a cikinsu ya dube ni da tausayi ya ce, "Baba, ai ku kun sha wahala. Yanzu manhaja ce ke kama wanda bai zo aiki ba, ita ke rubuta masa takardar tuhuma, mu namu danna maɓalli ne kawai." Na ce masa haka ne, ɗana, ai ni ma na taɓa dannawa. Ba su zauna sun ji sauran ba, wai suna da taro. To bari in rubuta, wanda ya samu sarari tsakanin shayi da shayi ya karanta.

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina neman mutanen da ba sa nan. Sana'ata ke nan. Hukumar da na yi wa aiki ba zan kama sunanta ba, ya ishe ku ku san famfunan ruwan ƙauyuka take kula da su. Ofishinmu na yanki yana Birnin Kudu, muna da ƙaramin reshe a Gwaram, sauran ma'aikata kuma suna warwatse a ƙauyuka, makanikai da masu tayar da inji da masu gadi. An ɗauke ni lokacin da jihar take sabuwa fil. Fayilolin ma'aikata ma a bayan mota aka kwaso su daga Kano, an ɗaure da igiyar rama, wasu ruwa ya dake su a hanya. Aikina na makon farko shi ne shanya fayil a rana ina danne shi da dutse.

Wanda ya koya mini aiki Malam Inuwa ne, babban akawun ma'aikata, Allah ya jiƙansa. Kayan aikinsa ba su da yawa. Rajistar sa hannu mai baƙin bango, rula ta katako, jan biro da ba ya ba kowa aro, sai agogon hannu da yake saitawa da labaran rediyo. Ƙarfe takwas da rabi daidai zai ɗora rula ya ja jan layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe, duk wanda ya sa hannu ƙasa da layin nan ya makara ko ɗan wane ne. Ni nawa tafireta ce da takardar kabon. In na yi kuskure ɗaya sai ya yage ya miƙo mini, ko kai ba ya ɗagawa. Sai da na shekara kafin ya bari na taɓa rular nan, ranar ma yana tsaye a kaina.

Ya san rubutun kowa. Wata safiya ya kira ni ya nuna mini wani sa hannu ya ce, "Duba nan. Garba bahago ne, rubutunsa baya yake kwanciya. Yau ga shi ya miƙe zumbur. Ko dai Garba ya sake hannu tsakanin jiya da yau, ko kuma yana da abokin arziki." Da aka kira abokin, tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

Masu ƙaurace wa aiki su ne abokan cinikinmu, kuma ba mu taɓa rasa kasuwa ba. Da ruwan farko ya sauka sai zazzaɓi ya kama rabin ofis, kuma wani ikon Allah, zazzaɓin ba ya sakin mutum sai ya gama shuka. Akwai wanda kakarsa ta rasu sau huɗu a hannuna. A karo na huɗu na yi masa ta'aziyya na ce Allah ya sa wannan karon ta huta. Akwai mai shago a Kano da ba a ganinsa sai ƙarshen wata, ya zo da tsaraba yana gaishe mu kamar baƙo. Amma gwanin gwanaye shi ne Alhaji Ɗanlami, shugaban reshen Gwaram. Kullum hularsa tana kan tebur, tabaransa na kan buɗaɗɗiyar jarida, fanka na juyawa. In ka tambaya a ce maka ya zaga. Zagawar nan har kasuwar Sara take kai shi, inda yake da rumfar hatsi.

Aikin farko da aka tura ni ni kaɗai a Sundimina ne. An kawo ƙarar wani mai tayar da inji cewa wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba. Na zauna zan buga masa takarda, Malam Inuwa ya dafe tafiretar ya ce, "Ka san ƙofar gidansa?" Na ce a'a. Ya ce, "To mutumin da ba ka san ƙofar gidansa ba kake so ka raba da abincinsa? Ɗauki babur." Na je na tarar inji na aiki, tanki cike, an share wajen tas, har an shuka zogale a gefen magudana. Ashe mutumin ya tafi cirani ya bar wa ƙanensa makulli, ƙanen kuwa ya fi shi iya aikin nesa ba kusa ba. Na dawo na ba da labari. Malam Inuwa ya sa aka kira wan daga inda yake, ya wanke shi tas, ya sa ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa, sannan ya bi sawu har aka ɗauki ƙanen. Kwana uku aikin ya ci mini, na ƙone mai, taya ta fashe sau ɗaya.

Haka muka yi ta yi har Malam Inuwa ya yi ritaya, rula da jan biro suka dawo hannuna. Na riƙe su shekaru masu yawa. Sai aka wayi gari hedikwata ta gano cewa mu ne matsalar, mu masu rajista, wai muna da sanayya. Aka kwaso mu aka kai Dutse bita ta kwana uku. Wani ɗan kwangila mai kwat cikin zafin bazara ya haska mana bango, ya ce daga yau an gama, manhaja ba ta da ɗan uwa, ba ta da suruki, ba ta cin goro. Muka tafa masa. Ni har na fi kowa tafi, kada in ɓoye muku.

Ga yadda abin yake. An kafa na'urar dangwala yatsa a kowane ofis, kowane ma'aikaci an haɗa shi da na'ura ɗaya. Tsakanin ƙarfe takwas da tara zai zo ya ɗora babban yatsa, sai sunansa ya yi kore a kwamfutar da ke gabana a Birnin Kudu. In ya makara ya yi rawaya, in bai zo ba ya yi ja. Ja uku a jere, manhaja ta rubuta takardar tuhuma da kanta, da sunansa da ranaku da komai, ni nawa in danna ta fito. In bai ba da hujjar da ta karɓa ba, ta biyu ta biyo. Daga ta uku sai ta tambaye ni in tabbatar. Ina tabbatarwa albashi ya tsaya, sunan ya tafi hedikwata, in wata ya ƙare ba a warware ba kwamitin ladabtarwa ya sa hannu a takardar kora.

Kuma ta yi aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. A watan farko ta tono sunaye biyu da masu su sun daɗe a ƙasa amma suna karɓar albashi cikin ƙoshin lafiya. Mai shagon Kano ya zo ya ajiye aiki da kansa. Na ji daɗi ƙwarai. Na daina hawa babur, don me zan ƙone mai tunda ga Gwaram ɗungurungum a kan teburina? Ciwon bayana ya lafa, har na yi tumbi.

Sai dai mutanenmu ba a yi musu bita ba amma sun fi mu saurin ganewa. Wata biyu kacal suka fahimci cewa na'ura yatsa take nema, ba mutum ba. Ƙarfe takwas da minti biyar za ka ga babura sun yi layi, ba a ko kashe su, a shiga a dangwala a fito, kowa ya kama gabansa. Alhaji Ɗanlami ya daina wahalar barin hula. Ya zama ma'aikaci mafi kore a duk yankin, har hedikwata ta aiko masa da takardar yabo. An yi mata firam, an rataye a ofishin da ba ya zama.

To a wannan shekarar ce, shekarar da ba na son tunawa, idona ya faɗa kan sunan Malam Buba. Makanikin famfo ne a reshen Gwaram, mutumin Dingaya, daga gidajen nan na masu shanu da suka zauna suka kama noma. Na san sunansa a fayil, fuskarsa kuwa da ƙyar. Ja, ja, ja, babu kore ko ɗaya tun ranar da aka kafa na'ura. Na ce yawwa, ga babban kifi. Na danna takarda ta fito, na sa hannu na ba direba. Bayan kwana huɗu amsa ta dawo a bayan takardar, layi ɗaya da fensir: "Ina zuwa aiki. Allah ya ba da haƙuri." Na yi dariya har na nuna wa mutane. Wai yana zuwa aiki. Ga injin Bature na cewa ba ya zuwa, shi yana cewa yana zuwa, ku wa za ku yarda da shi?

Na aika ta biyu, amsa iri ɗaya. Na buga wa Alhaji Ɗanlami waya, ina jin ana auna hatsi a bayansa, ya ce, "Ai Malam, abin da na'ura ta faɗa shi ne. Mu wa muke?" Ta uku ta fito. Akwatin nan ya bayyana a fuskar kwamfuta yana tambaya in tabbatar. Ina riƙe da kofin shayi a hannun hagu, na danna da na dama. Bai kai ƙiftawar ido ba.

Mako guda bayan haka Madam Rifkatu ta shigo ofishina. Ita ce mai buga takardu a Gwaram, 'yar kudancin Kaduna ce amma ta daɗe a nan har 'ya'yanta ba su san wani gari ba. Mace ce da ba ta iya kwana-kwana ba. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Oga, kai ka tsayar da albashin Malam Buba?"

Na ce, "Manhaja ce."

Ta ce, "Manhaja tana da yatsa? To bari in faɗa maka, tunda duk mazan Gwaram kunya ta ɗinke musu baki. Duk reshen nan mutum ɗaya ne ke aiki, shi ka kama. Ka san inda aka kafa na'urar?"

"A ofis mana."

"A sito. Ka san mai sito?"

"Baba Haladu."

"To 'yarsa ta fari Malam Buba yake aure. Sai ka zo ka gani da idonka."

Washegari na nemo makullin babur, da ƙyar ya tashi. Siton Gwaram ɗaki ne ɗan ƙarami cike da bututu da roba da kawunan famfo. Shi kaɗai ke da ƙofar ƙarfe da batirin sola, shi ya sa ɗan kwangila ya zaɓe shi. Wuri ɗaya ne babu kantar jera kaya a jikin bango, daidai bayan kujerar mai sito, to nan aka kafa na'urar. Tazarar da ke tsakaninta da hular Baba Haladu ba ta kai kamu biyu ba. Na tsaya ina kallo wani mai gadi ya shigo da takalminsa, ya tsaya a kan tsohon nan, ya miƙa hannu ta saman hularsa, hammatarsa a saitin fuskar dattijo, ya dangwala ya fita. Sai a lokacin na gane abin da muka nemi Malam Buba ya riƙa yi wa surukinsa kowace safiya.

Ku yaran birni za ku ce to mene ne a ciki. A gidajen su Malam Buba mutum ba ya kama sunan surukinsa. Ba ya cin abinci a gabansa. In ya hango shi a hanya sauka yake daga babur ya tuɓe takalmi ya tsuguna a gefe, in da hali ma ya sake hanya. Shekara da shekaru suna aiki a reshe ɗaya, Malam Buba bai taɓa taka siton nan ba. In yana son kaya sai ya rubuta a takarda ya ba Madam Rifkatu, ta karɓo ta ajiye masa a gindin bishiyar darbejiya. Kowa a Gwaram ya san haka, kowa kuma ya ɗauka ni ma na sani, tunda ni ne mai kula da ma'aikata.

Baba Haladu tsoho ne fari siriri, saura shekara uku ya yi ritaya, ba a taɓa samun ko ƙusa ta ɓata a hannunsa ba. Tun bakwai da rabi yake buɗe sito ya zauna, in zai tafi salla ya kulle ya sa makulli a aljihu. Na gaishe shi na ce, "Baba, kun san an tsayar da albashin Malam Buba?"

Ya rufe littafin da ke gabansa. Ya ce, "Yaron nan na Dingaya?"

"Shi."

"Na ɗauka su masu shiga daji ba sa dangwalawa." Sannan ya ce, "Ba a faɗa mini ba." Wa zai faɗa masa? 'Yarsa ba za ta kawo masa ƙarar aikin mijinta ba, shi kuma ba zai buɗe baki ya tambayi labarin suruki ba.

Na wuce Dingaya. Na tarar da Malam Buba a bakin wata rijiyar burtsatse, ya zaro bututu tara ya jera su a kan itace don kada su taɓa ƙasa, mata sun yi layi da jarkoki suna jira. Hannunsa baƙi ƙirin da giris. Mutumin da kwamfutata ta ce wata da watanni bai zo aiki ba ke nan. Kuma tun da albashi ya tsaya, da kuɗin akuyarsa yake zuba mai a babur. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba tun da na fara aiki.

Na ja shi gefe na ce, "Malam Buba, me ya hana ka rubuta mini dalili?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, me zan rubuta? In rubuta cewa saboda su ne? A takardar gwamnati?"

Na ce, "To ga sauƙi. Kullum ƙarfe takwas sai Baba ya ɗan fito waje minti biyu, ka shiga ka dangwala."

Ya ɗago ya dube ni kamar na zage shi. "Ni in tayar da su daga kujerarsu? Kullum? Mutane na kallo?" Ya girgiza kai. "A kore ni ya fi."

Na ce masa saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, in ya ƙare a haka kora ce, kuma wanda aka kora don ƙaurace wa aiki babu fansho babu komai, ga 'ya'ya shida. Ya ce ya sani, Allah na nan. Ya koma ya kama sifanarsa, don matan sun fara ƙorafi.

Na dawo na ce ai abin mai sauƙi ne, a cire na'ura a mayar baranda. Na kira ɗan kwangila. Ya ce haram, duk wanda ya taɓa dunƙulen wayar nan ya karya yarjejeniya, sai an rubuto daga hedikwata, su kuma su turo injiniya. Na rubuta. Takardar tana nan tana tafiya, ina jin har yau ba ta isa ba. Na ce to a mayar da sunansa na'urar Birnin Kudu. Aka lissafa, in ya zo ya dangwala ya koma, rana ta take kafin ya taɓa famfo ɗaya. Na buɗe manhaja in shigar da hujja. Ta ba ni zaɓi: rashin lafiya da takardar likita, hutu da takardar izini, tafiyar aiki da takardar umarni, rasuwa. Na duba sama na duba ƙasa, babu gurbin kunya. Ɗan kwangila ya yi gaskiya, ba ta da suruki.

Na ɗauki ƙafa na je hedikwata na yi wa sakataren kwamiti bayani. Bahaushe ne kamar ni, na tabbata shi ma in ya hango surukinsa cire takalmi yake kamar zai nutse. Ya yi dariya har da hawaye ya ce, "Malam, ka san in na rubuta wannan, gobe kowa zai wayi gari da suruki a sito?" Da ya gama dariya ya ce abu biyu ne. Kwanakin da suka wuce za a iya gogewa in jami'in da ya tabbatar ya rubuta cewa ya tabbatar ba tare da bincike ba. Na gaba kuwa dole a ga kore kafin ƙarshen wata, in ba haka ba hannunsu a ɗaure yake.

Na farkon na rubuta a nan take, a tsaye. Ai gaskiya ce. Sakamakonta takardar gargaɗi a fayil ɗina, ita kaɗai a duk shekarun aikina, kuma ƙarin girman da nake jira a shekarar ya bi ruwa. Wannan bai dame ni ba sosai, na ci abin da na dafa ne. Na biyun ne na rasa yadda zan yi. Na sake aika wa Malam Buba ta hannun Madam Rifkatu, na aika ta hannun limamin garinsu. Amsa ɗaya, a ba da haƙuri.

Saura kwana huɗu ina zaune sai ga Baba Haladu a Birnin Kudu, ya sha farar riga, a motar haya ya zo. Bai taɓa zuwa ofishina ba. Ya zauna, ya tambayi iyali, ya tambayi damina, sannan ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye. Takardar neman ritaya ce, Madam Rifkatu ta buga masa.

Na ce, "Baba, saura shekara uku fa. Fanshonku zai ragu. Ga yara biyu a makaranta."

Ya ce, "Ƙafa ce ta matsa mini."

Ƙafar da yake taka wa daga gida zuwa sito kullum ba ko sanda. Na ce, "Baba, a bari mu ƙara gwadawa, wataƙila injiniya ya zo."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Malam, ka karɓa kawai. Ƙafa ce." Har ya tashi bai ambaci Malam Buba ba, ni ma ban ambata ba.

Ranar miƙa makulli ita ce rana ta ƙarshe a watan, na je Gwaram da kaina. Baba Haladu ya ƙirga wa sabon mai sito komai, bututu bututu, har da tsofaffin robobin da aka cire. Alhaji Ɗanlami ya dangwala tun takwas da biyar, ya yi wa tsoho addu'a daga kan babur ya wuce. Ina leƙawa ta taga na hango Malam Buba a bayan katanga, tsugune a gefen baburinsa, yana jira. Ƙarfe tara ta wuce. Sai wajen goma saura tsohon ya gama, ya ɗauki butarsa da dardumarsa, ya fita ta ƙofar gaba bai waiwaya ba. Sai da ya sha kwana sannan Malam Buba ya taso. Ya tuɓe takalmi a bakin sito, ya shiga a sunkuye, ya zagaye kujerar nan da babu kowa a kai, ya ɗora yatsa. Na'ura ta yi ƙara ta karɓa.

Na bi Baba Haladu na cim masa a bakin titi yana jiran mota. Bai dube ni ba ya ce, "Ya shiga?"

Na ce, "Ya shiga, Baba."

Ya ce, "To madalla." Mota ta zo ya hau.

Da na koma Birnin Kudu na buɗe kwamfuta, sunan Malam Buba ya bar ja, ya yi rawaya, wai ya makara. Sai da na kira sakataren kwamiti na roƙe shi kafin ya yarda cewa rawaya ma zuwa ne. Aikin Malam Buba ya tsira, ya ci gaba da gyaran famfo har ya yi ritayarsa lafiya.

Saura fayil ɗin Baba Haladu. Manhaja ta ƙi rufe shi sai na zaɓi dalilin barin aiki, ta jero mini: cikar shekaru, rashin lafiya da takardar likita, kora, rasuwa, ra'ayin kai. Shekarunsa ba su cika ba, takardar likita kuwa babu, don lafiyarsa ƙalau. Na daɗe ina kallon jerin nan, sannan na danna ra'ayin kai. Haka yake a rubuce har yau. Ku da ke riƙe da kwamfutar yanzu, in kun buɗe sunansa abin da za ku gani ke nan, wani tsoho ya gaji da aiki ya tafi gida.